Abba, ka bar Iya a Damagaram

Sabon Gari, Damagaram

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran. Mu nan sai godiya. An fara yankan gero, sauro ya yi yawa, Iya ta ɗan taɓa zazzaɓi makon jiya amma ta miƙe, har ta koma faɗan da ta saba yi da 'yan ga-ruwa.

Saƙonka na murya ya iso, ƙanwarka ta kunna mini a ɗaki. Ban amsa ta waya ba, don kunnen nan na Iya da muke cewa ya yi nauyi, in dai maganarta ake yi, ko raɗa ce sai ya kama. Shi ya sa na ɗauko biro. Ƙanwarka za ta ɗauki hoton takardun ta tura maka, ka karanta kai kaɗai tukuna.

Ka ce ka gano 'ya'yan yayanta a Porto-Novo ta ƙasar Benin, sun karɓe ka hannu bibbiyu, sun kai ka har gidan da aka binne cibiyarta. Ka ce ka ga gida mai ɗaki a ƙasa saboda gwiwarta, ga likitoci, ga ruwa a famfo dare da rana, ga coci a kowace unguwa, ba mai waiwayenta don ta rataya gicciye. Ka ce lokaci ya yi da za ta koma cikin danginta ta huta. Allah ya yi maka albarka, ba kowane jika ke tuna kakarsa in ya samu ba. Amma ban goyi bayan wannan shawara ba, kuma tunda babanka ba ya raye balle ya faɗa maka, ni zan faɗa.

Kafin komai, ina roƙonka kada ka kira ta ka yi mata tayin. Za ka ce ai ita ke da ta cewa, ba ni ba. Haka ne. Amma ka san tsakaninka da ita. Sunan mijinta ka ci, tun kana zanen goyo take ce maka maigida, ko ni ban isa in ɗaga maka murya a gabanta ba. Ranar da ka ce mata, "Iya, na kama miki ɗaki, na biya kuɗin shekara," abin da za ka ji shi ne, "To, maigida." Za ta ƙulle kayanta a zane ta bi ka, don kada kuɗinka su tafi a banza, don kuma kada a ce ta ba ka kunya gaban mutanen da ka samu da ƙyar. Kai kuwa ka ɗauka ta yarda. Macen da ta shekara sittin da ɗoriya tana tambayar kowa me zai ci ta daɗe da manta yadda ake faɗin abin da rai ke so. In amsarta ta gaskiya kake nema, ka duba abin da ta yi duk lokacin da hanyar komawa ta buɗe mata.

Kai ka buɗe ido ka gan ta tsohuwa a kan kujera 'yar tsugunno. A 1959 ta zo, amarya, ba ta cika ashirin ba, ko sannu ba ta iya ba. Jirgin ƙasa ya ɗauko ta daga Kotonu ya sauke a Paraku, daga nan sai bayan babbar mota a kan buhuna: Malanbil, Gaya, Doso, Ƙonni, Maraɗi. Tafiyar ta haura kilomita 1,500, kwalta kuwa sai jefi-jefi. Kakanka makaniki ne, yana gyaran motocin da ke kwasar gyaɗa zuwa Kano, lokacin gyaɗa ce kuɗin ƙasar nan. A zamanin Faransawa 'yan Dahome, wato Benin ta yau, da 'yan Togo ne suka cika ofisoshi, su ne akawuna, su ne malaman lakwal da ma'aikatan gidan waya, saboda mishan ta riga ta buɗe makarantu a garuruwan bakin teku tun ba a san boko sosai a nan ba. Abin ya ba su albashi, ya kuma jawo musu baƙin jini. A ƙarshen 1963, da rigima ta tashi tsakanin Nijar da Dahome kan tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta sallami ma'aikata 'yan Dahome, mutane suka yi ta ɗaure kaya. Yayan Iya, uban waɗannan da suka karɓe ka, yana ciki, malamin lakwal ne. Ya zo har gida ya ce ta ɗauki ɗanta ta bi shi. Babanka na goye a bayanta. Kakanka ba ma'aikacin gwamnati ba ne, kuma mai motocin, wani Alhaji na Zango, ya ce makanikinsa ba inda zai je. Amma ita da ta so tafiya ba wanda zai ga laifinta, uwarta na raye, ƙuruciyarta na nan, abin da ta tara a Damagaram bai wuce tabarma da tukunya biyu ba. Ta raka yayanta tasha, ta ba shi guzuri, ta dawo ta hura wuta. Tsibirin kuwa sai a 2005 kotun duniya ta ce na Nijar ne. Da babanka ya karanta mata labarin, ta ce ashe saboda makiyayar shanu aka raba ta da ɗan'uwanta.

Kakanka ya rasu a 1984, shekarar yunwar da ake kira El-Buhari, ya bar mata 'ya'ya shida, babanka kaɗai ya kama aiki, shi ma sabon malami a ƙauye. Tukunya ce ta riƙe gidan. Girki a Damagaram kuwa kokawa ce da ruwa, ruwan da ƙarancinsa yana cikin abin da ya sa Faransawa suka kwashe babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Na zo gidan nan na tarar da tsarinta, kuma bai canja ba sai da gwiwa ta hana. Ƙarfe uku na dare ta tashi, ta jera bokitai a bakin famfon unguwa, ta taka na gaba da ƙafa kada wani ya ture mata layi, carbinta na Katolika a hannu, leɓe na motsi. In famfo ya yi tari ya kawo, ta cusa carbin a ɗaurin zane a shiga turereniya, kuma kada ka ga tana addu'a ka zaci za ta bar maka wuri. In bai kawo ba, a sayi na 'yan ga-ruwa, ribar ranar ta tafi. Kafin a kira assalatu ta tace masarar da ta jiƙa, ta dama kafa, ta ɗora miyar manja da bandar kifin Tafkin Cadi da tattasan Difa. Gari na wayewa ta rufe tukunya, ta wuce mishan addu'ar safe, ta dawo ta tarar da direbobi da 'yan lakwal sun yi cirko-cirko da kwanukansu. Da wannan ta yi wa biyar makaranta, ta yi wa mata kayan ɗaki. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, albashin malamai kuma ya riƙa yin watanni bai fito ba, tukunyar nan ce ta ciyar da mu, ni da babanka da ku.

Akwai abu biyu da ta hana shiga gidan nan tun kafin in zo: naman alade da giya. Addininta bai hana ta ba, kuma ka gani da idonka yadda ake cin alade a garinsu. Cewa ta yi tukunyar da maƙwabciya ba za ta iya ara ba, asarar kuɗi ce. Ragon Kirsimeti bai taɓa faɗuwa a hannun Kirista a gidan nan ba, mahauci take aika a kira ya yanka da bisimilla, a dafa shinkafa, ku ku yi ta zarya da kwanuka gida-gida. In Layya ta zo, naman da ke shigo mana ya fi na wasu masu yankan, sai mun soya mun adana. Da azumi ba ta kai loma baki a ƙofar gida, ta mai da cinikinta na yamma, kunu da ƙosai. Ba tsoro ne ya sa ta haka ba, don mai tsoro ba ya yin abin da take yi ranar Larabar toka: ta fito daga coci da gicciyen toka a goshi, ta ratsa kasuwa da shi, ta yi cefanenta, ba ta gogewa sai ya goge don kansa. Malamin da ke kusurwar layinmu, Allah ya jiƙansa, ya shekara da shekaru yana kiranta zuwa Musulunci, kullum cikin mutunci. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta saurara, ta ce, "Malam, na gode, ina nan inda nake." Da ya kwanta ciwon ajali, kununta kaɗai yake iya sha.

Kada ka ce ina yabonta don surukata ce mai sauƙi. Ba ta da sauƙi ko kaɗan. Ni 'yar garin Tsibiri ce, kusa da Maraɗi, cikin ikilisiyar da ta fito daga aikin 'yan mishan na SIM na tashi, su da suka fara sauka a Damagaram ɗin nan a 1924. Mu muna riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa muna ja aya-aya, ita kuma a ganinta mutanen da ba sa gaida Maryamu marayu ne. Yarinya ta so a kawo wa babanka daga gida. Farkon zuwana in na yi miya sai ta ɗanɗana, ta miƙa hannu ta ƙara gishiri, ba ta ce uffan ba. Haihuwarka ce ta gyara mu. Ta je wurin tsofaffin unguwa ta koyi wankan jego irin namu, ruwan zafi da ganyen dogon yaro safe da yamma, da kunun kanwa, har arba'in. A garin da ake sayen ruwa da garwa, kuma a tsakiyar rani. A kanta ta ɗauko shi. Fastonmu yana son ya riƙa ce mana Na'omi da Rut. Ranar da ta ji, ta ce a gaya masa ya sake karantawa, Na'omi gida ta koma, ita ce Rut, baƙuwar da ta ce inda aka binne nata nan za a binne ta.

Sai maganar gwaggonka ta Mirya, wadda ku yara kuka tarar a warke, ba ku ga ɗanyenta ba. Da ta ce za ta auri Musulmi kuma za ta musulunta, Iya ta shige ɗaki ta rufe. Ba ta raka amarya ba, ba ta aika gara ba, in an ambaci sunanta sai ta tashi. Muka ce shi ke nan, zumunci ya yanke. Ranar da labari ya zo cewa gwaggonka ta sauka, ba ta yi shawara da kowa ba, ta ƙulle kanwa da yaji da tsohon zane, ta hau motar Mirya. Sai bayan arba'in muka gan ta. Tun daga nan, in yaran suka zo hutu, akwai buta da tabarma da take ajiye musu a bayan ƙofa, ba mai taɓawa. Na sha jin ta da asuba tana bubbuga ƙafafunsu: "Ku tashi, an kira salla, ba za a ce a gidana kuka koyi lalaci ba." Sai ta ga sun kabbara, sannan ta koma lungunta ta kunna kyandir. Kada ka ɗauka ta sallama. Har daren jiya sai da ta kira sunan gwaggonka na baftisma a cikin addu'a. Ita ma gwaggon, da ta dawo daga Makka, ta gaya mini ba abin da ta fi roƙo a can kamar uwarta. Kowace tana roƙon Allah ya juyo da ɗayar, kuma duk Alhamis in gwaggon ta shigo kasuwar Dole, a tabarma ɗaya suke yini suna tsinkar zogale suna gulmar surukai. Fiye da rabin jikokin Iya masu salla ne, suna Mirya da Tanut da nan Birni. Dangin da kake cewa ta koma cikinsu, Abba, waɗanne? Waɗanda suka san sunanta a bakin ubansu, ko waɗanda ta yanke wa cibiya?

Ta taɓa komawa, ka sani. A Fabrairun 1993 ne, da Paparoma John Paul na biyu ya je Benin, ƙasar da tun 1975 aka canja wa suna amma ita har gobe Dahome take cewa. Da niyyar wata uku ta tafi. Ta ga Paparoma daga nesa, ta je kabarin uwarta, ta tarar an raba gidansu an gina shaguna a gaba, yaran gidan suna ce mata Bahaushiya. Ba ta cika wata ba muka ji sallamarta. Abin da ta ce kawai, tana kwance ɗaurin kaya, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da Hausa ta faɗa.

Na san abin da ke ƙasan zuciyarka, ko ba ka ambata ba: Juma'ar 16 ga Janairu 2015. Kai kana Yamai, ka ga taku washegari. A nan bayan an sauko daga masallaci aka fita zanga-zanga kan zanen ɓatancin da jaridar nan ta Faransa ta buga, kafin la'asar abin ya zama wuta. Aka ƙona coci-coci, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa, aka fasa shagunan Kiristoci, aka rasa rayuka. Mutanenmu da yawa a barikin soja suka kwana. Mu muna cikin gida muna jin ihu na matsowa, sai ga Hajiya maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga ta ce mu miƙo yara. Ta tura mu ƙuryar ɗakinta, ta zura wa ƙannenka hijabi, Alhaji kuma ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gidanmu, ba tasu ba, ya zauna yana jan carbi. Na ce wa Iya ta cire gicciyen wuyanta, ta yi kamar ba da ita nake ba. Hajiya ce ta kama shi da hannunta ta tura mata cikin riga, ta ce, "Iya, ba wanda ya ce ki cire, amma yau a ciki zai yini." Suka harari juna, Iya ta bari.

Ba zan rufe maka ɗayan gefen ba. Cikin samarin da aka gani da galan ɗin fetur akwai waɗanda suka ci kafarta bashi suna 'yan lakwal. Ta sani, an gaya mata sunaye. Uwar ɗaya daga cikinsu ta shekara tana gaishe ta ba ta amsawa, fada, limamin cocinsu, ya yi magana har ya gaji. Iyalai da yawa, musamman 'yan Benin da 'yan Togo, sun tafi a watannin nan ba su dawo ba, kuma ba na ganin laifin ko ɗaya. Babanka ma ya fara tambayar kuɗin mota. Iya kuwa, da ƙura ta lafa, tsintsiya ta ɗauka da bokiti ta nufi mishan, ita da wasu tsofaffi, suka share toka da fasassun kwalabe, aka yi sujadar Lahadi a tsaye, bango baƙi ƙirin. Ta dawo ta ce wa babanka duk mai tafiya ya tafi da albarkarta, a bar mata mabuɗi. Maganar tafiya ba ta sake tashi ba har ya rasu.

Zancen likita, gaskiyarka, can ya fi. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ma yana ba ni tsoro a kanta duk shekara. Amma ka duba hanya. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 gadar Gaya ba ta koma yadda take ba, kai kanka a kwale-kwale kake tsallakowa da jaka a ka. Tsohuwar da sai an kama ta take hawa dakalin ƙofa, ita za a cicciɓa a saka a jirgin ruwa? In ka ce ta sama za a bi, to, an gama da hanya, saura zaman. Kai kana tashar jiragen ruwa tun safe har dare, mai ɗakinka na wurin aiki, yara na lakwal. Da wa za ta yini? Sa'o'inta na can duk sun kwanta dama. Hausarta har yau namiji "ta", mace "ya", amma da ita take faɗa, da ita take ciniki, da ita take yi wa jikoki tatsuniya. Yarensu na Gun ya rage mata na addu'a da ƙirgan kuɗi. A nan tun hantsi ƙofa ba ta rufuwa. Mai nono ta sauke ƙwarya ta huta, Hajiya ta aiko a tambayi yadda ta kwana, a kawo jariri ta duba cibiya, matan zumunta su biyo ranar Talata su yi waƙa. Wannan ne ke tashinta da safe, ba maganin hawan jini ba.

Akwai kuma abin da ban so in rubuta ba, amma gara ka ji daga gare ni. Na san yadda ake bikin mutuwa a can kudu: gawa ta yi makonni ko watanni a ɗakin sanyi, a fitar da anko, a kafa rumfuna, a kira makaɗa, a ci bashi. Al'adarsu ce, girmamawa ce a wurinsu, ban raina ba. Ban kuma ce don haka danginku ke son ta zo ba. Amma Iya ta gaya mini, ta gaya wa gwaggonka, ta gaya wa fada: a sa ta a ƙasa da wuri yadda ake yi a garin nan, kusa da mijinta da ɗanta. Duk ranar 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da matattu, sai mun kai ta makabarta da farar ƙasa a bokiti. Da tana shafawa da kanta, yanzu ta zauna a kujera tana nuna wa yara inda suka tsallake. In an gama ta kore mu gefe, ta ba kaburburan biyu labarin shekara da yaren Gun, wa ya yi aure, wa ya haihu, nawa ake sayar da tiyar gero. Akwai fili tsakaninsu wanda ta sa aka kewaye da duwatsu. Ka san na wane ne.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa yanzu. A nan ka tashi ana ce maka ɗan Dahome, ka je can ana ce maka Bahaushe. Na san yana ci maka rai, ko ba ka faɗa. In Iya na zaune a falonka tana yaren Gun, ba mai sake tambayarka daga ina ka fito. Ba laifi ba ne mutum ya so haka. Amma buƙatarka ce, ba tata ba, kuma ka fi ƙarfin ka ɗora wa tsohuwa ita. Zama cikin mutanen da ba naka ba, ka ga wadda ta iya shi. Ba takardar asali ta nuna wa mutanen Sabon Gari ba. Ka san sunan maƙwabcinka na dama da na hagu? Sun taɓa cin abincin gidanka? In an yi rasuwa a layinku kana zuwa ka zauna, ko kuɗi kake aikawa?

Wani abu kuma, tunda na ɗauko biro. Ranar da kuka zo na ji ka ce wa mai ɗakinka, a gaban mutane, Iya da shida ta riƙe ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Kada in sake ji. Iya ta gaji, ni na ga ƙafafunta da dare. Ta sayar da 'yan kunnenta na aure ta biya wa baffanka kuɗin jarrabawa ba ta gaya wa kowa ba, ta ɓoye ciwon gwiwa har ya fi ƙarfin magani. Abin a gode mata ne, ba abin a ɗora wa 'yar mutane ba. Ko ita Iya, da ta ji ka, da kai za ta yi wa faɗa.

Kuɗin da ka ware na haya, ga inda za su yi amfani. Yana ta rufe mata idon hagu, likita ya ce in sanyi ya shigo za a iya yin aikin a nan. A sa mata sola da fanka a ɗakinta kafin bazara, don wutar gari ba abin dogaro ba ce, a kuma sayi tankin ruwa, ko ma huta da rigimarta da 'yan ga-ruwa. Ka riƙa kiranta ranar Lahadi da yamma, kira na baki da baki, saƙon murya ba ya gamsar da ita, tana amsa masa tana jira ya ba ta amsa. Ka sa yaran su gaishe ta da Hausa, ko ina kwana ce; babbar ta fara mantawa, na lura. In 'ya'yan yayanta da gaske suna son ganinta, babbarsu ai da sauran ƙarfinta, ka biya mata mota ta zo ta yi mana wata guda, ɗakin babanka na nan a share. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da ta fi lafiya ita ke tafiya.

Kai ma ka nemi hutu ka zo kafin 2 ga Nuwamba, ka karɓi bokitin farar ƙasa daga hannun yara. Ka zo da waya mai wuri, akwai waƙoƙin coci na yaren Gun da take yi waɗanda ba na jin ko a can an cika tunawa da su, ƙanwarka ta fara ɗauka amma wayarta ta cika. Ka taho da manja mai kyau galan guda, da garin rogo, da ƙananan jatan landen nan busassu da take so a miya, na kasuwar nan duk ƙura ne.

Su kuma dangi, kada ka ce musu Iya ta ƙi, za su ji ciwo, kuma ba ta ƙi ba tunda ba a tambaye ta ba. Ka ce musu uwarka ce ta hana. Su yi fushi da ni, ba su san ni ba, ba abin da zai rage ni. Ka gaishe su da kyau, ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan yaran. Hajiya da Alhaji suna gaishe ka, gwaggonka ta ce ka cika alkawarin atamfar da ka yi mata.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Mahaifiyarka